Mainasara Mai Faci da Hancin Ɗansa

Mainasara mai faci maƙwabcina ne shekara talatin da ɗoriya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta ƙasa, kuma ba ta da tsawo, saboda haka yawancin abin da ya faru a gidansa da kunnena na ji shi. Yanzu ya doshi sittin. Duk wanda ya bi hanyar Mai'adua daga cikin Daura ya gan shi a gindin wata dalbejiya, dab da fita gari, da bahon ruwa da ya yi baƙi, da famfon iska, da tsofaffin tayoyi biyu da ya ɗora ɗaya kan ɗaya don alama.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dutsi. Yunwar 1984 ce ta koro shi birni yana saurayi, da riga ɗaya da buta. Ya yi dako, ya yi kwaɓar ƙasa, daga baya ya zauna wurin wani tsoho mai gyaran keke ya koyi faci. Ba shi da surutu, ba ya shan ko taba, ba ya cin goro. Ya auri Kande, 'yar garinsu, suka kama ɗaki biyu a gidan da ke jikin nawa. Ɗansu na fari shi ne Hafizu, an haife shi a 1993. Bayansa mata uku suka biyo.

A shekarar sanƙarau, 1996, ciwon ya kwantar da Mainasara mako uku. Mutane da yawa a unguwarmu ba su tashi ba. Shi ya tashi, amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Tun daga nan ba ya jin ƙanshi, ba ya jin wari. Kande ta sha ƙona miya yana zaune a tsakar gida bai sani ba. A lokacin abin dariya muka ɗauke shi, muna cewa ya huta da warin kwatar unguwa.

Facin taya ba shi da wuya a ido. A ciro robar ciki, a hura mata iska, a tsoma a ruwa a ga inda take kumfa, a kankare wurin, a shafa sholisho da yatsa, a jira ya sha iska, a ɗora ƙyallen roba a danne. Duk aikin a kan sholishon ya rataya. In mai kyau ne, faci ya zauna har taya ta tsufa. In an tsinka shi da kananzir, kamar yadda wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suke yi don gwangwani ɗaya ya zama biyu, to da rana ta yi zafi faci zai ɓare. A ido ba a bambanta su. Masu faci da hanci suke ganewa. Su buɗe gwangwani, su kai hanci, su ja. Mai kyau warinsa kaifi gare shi, yana hawa kai nan take. Gauraye kuwa warinsa nauyi gare shi, da maiƙo-maiƙo. Haka kowane mai faci ya koya daga maigidansa.

Muddin kekuna ne, Mainasara bai sha wahala sosai ba, don keke ba ya gudu, ba ya ɗaukar zafi. Amma wajen shekarar 2001 babura suka cika gari. Kowane matashi ya zama ɗan achaɓa, ana ɗaukar mutum uku da buhu a kan hanyoyin ƙauye. Aiki ya yi wa masu faci yawa, jabun sholisho ma ya yi yawa.

Wata rana da hantsi wani ɗan achaɓa mai suna Kalilu ya turo babur ɗinsa har gindin dalbejiya, yana gumi yana huci.

"Mainasara! Da miyau ka liƙe min tayar nan ko da kunu?"

"Lafiya, Kalilu?"

"Ina fa lafiya! Na ɗauko matar mutane da buhun gero, ko rabin hanyar Baure ban kai ba taya ta sace. Ni ina tura babur, ita tana bina da zagi. Har kakata ta ambata."

Masu jira suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ai ni ma shekaranjiya haka aka yi min, na yi shiru ne saboda Allah."

Akwai wani dattijon mai faci a bakin tasha, Maliki, wanda ya zo aron famfo ya tarar da rigimar. Ya ɗauki gwangwanin Mainasara, ya buɗe, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai rabinsa kananzir ne. An cuce ka."

"Ta yaya ka sani?"

"Da hanci mana. Kai ba ka ji ba? Au, na manta, naka ado ne."

Aka sake dariya. Mainasara bai yi ba. Mutum ne mai kishin aikinsa, kuma ya ga 'yan achaɓa sun fara wuce shi suna tafiya tasha. Ran nan Hafizu yana wurin, ya kawo wa ubansa abinci, yana ɗan shekara takwas. Maliki ya jawo shi, ya zaro nasa gwangwanin daga aljihu ya sa masa a hanci, sannan ya sa masa na uban.

"Wanne ya fi hawa kai?"

Yaro ya nuna na Maliki.

"To ka gani," in ji Maliki. "Allah ya karɓe naka ya ba ka wani. Ga hanci a gida kana ta asara."

Daga nan abin ya fara, da shawarar dattijo mai son alheri.

Duk ranar Lahadi Mainasara yana zuwa kasuwar Mai'adua saro kayan aiki. Sai ya riƙa goya yaron a bayan keke. Su shiga layin masu kayan babur, rumfa bayan rumfa, a buɗe gwangwani a miƙa wa Hafizu. Ya ja, ya ce a'a. A buɗe wani, ya ja, ya ce wannan da dama. Kafin su gama zagaye ya shaƙi goma ko fiye. Yaron bai taɓa kuskure ba. Facin Mainasara ya daina ɓarewa, Kalilu da abokansa suka dawo, har daga Mai'adua ake turo masa aiki. Wasu masu facin suka riƙa biyo su a kasuwa suna cewa a ara musu yaron ya duba musu nasu. Aka sa masa suna Hancin Mainasara, aka gajarta ya koma Hanci. Uban ma haka yake kiransa, don dama ɗan fari ne, ba ya faɗin sunansa.

A hanyar dawowa yaron yakan yi ta dariya ba dalili, wani lokaci ya yi luuu kamar zai faɗo daga keke. Mainasara ya ɗauka rana ce da yunwa. Sai ya tsaya ya saya masa fura da nono, ya ɗaure shi da rawani a jikinsa don kada ya faɗi. Shi da kansa ya faɗa min wannan, shekaru bayan haka, ba tare da na tambaye shi ba.

A waɗannan shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. An rufe gidajen giya, mun yi murna, har yau ban fasa ba. Amma sholisho kayan aiki ne, ba wanda ya ɗauke shi giya. Mai faci na da shi, mai gyaran takalmi na da shi, kowane shagon kayan keke na sayar da shi a fili, kuma kuɗin ƙosai ya isa a sayi ƙaramin gwangwani. Ba wanda zai tsayar da yaro don ya gan shi da abin liƙe taya. Yaran talakawa sun gano haka tun kafin mu manya mu gano.

Ni na koyar da Hafizu a aji uku na firamare. Yaro ne mai kai, lissafi ba ya ba shi wuya. A aji huɗu malaminsu ya fara kuka da shi, wai barci yake yi, idonsa kullum ja. Na kira shi ofis, na ji warin sholisho a jikinsa tun daga bakin ƙofa. Na ce a raina, ɗan mai faci ne, warin me zai yi? Ɗan mahauci ai ƙarni yake yi. Na yi masa faɗa a kan barci na sallame shi. Kande ma haka ta ɗauka. Rigar uban wari take, tabarmarsa wari take, to rigar ɗan ma ta yi, ba ta ga abin mamaki ba. Shi kuwa uban, da za a zuba masa gwangwani guda a gemu ba zai ji ba. Haka muka bar shi shekara uku.

A aji biyar ya daina zuwa makaranta. Mainasara bai damu ba. Ya ce sana'a a hannu ta fi takarda, ya zaunar da shi a gindin dalbejiya, kusa da akwatin kayan aiki.

Kande ce ta fara ganewa. Wata rana bayan azahar ta shigo gidana, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta ƙi hawa tabarma. Ta kwance bakin zanenta ta fito da tsummoki guda huɗu, duk sun ƙandare, sun yi rawaya.

"Inna Malama, a ƙarƙashin shimfiɗar yaron nan na samu."

"Wane yaron?"

Ta sunkuyar da kai. Na san wanda take nufi, so nake in ga ko za ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Kande 'yar ƙauye ce ta sosai. Tun da ta haifi Hafizu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ko abinci ta hannun ƙannensa take miƙa masa.

"Jiya na leƙa, na gan shi ya dunƙule ɗaya a hannu ya kifa a hanci. Na yi gyaran murya bai ko juyo ba. Miyau na zuba."

"Kin yi masa magana?"

"Haba Inna, ni?"

"Kin gaya wa ubansa?"

"In ce masa me? Shi yake ba shi abin."

Na ce mata kunyar nan tata ba za ta tsinana wa kowa komai ba. Ta yi kuka, ta roƙe ni in yi wa maigidan nata magana, don yana jin nauyina.

Na same shi da yamma yana wanke ƙafa a ƙofar gida. Na ajiye tsummokin a gabansa, na gaya masa abin da suke.

Ya ce, "Malama, goge hannu yake yi da su. Aiki ne."

"A ƙarƙashin shimfiɗa ake goge hannu?"

"Ni shekara ashirin ina taɓa abin nan, me ya yi min? Ai ba giya ba ce."

"Kai taɓawa kake yi. Shi ka koya masa ya ja har cikin kansa, kana yi masa sannu."

 Ya ce gwangwani kam yana saurin ƙarewa, amma ya ɗauka bushewa yake yi saboda zafi.

Bai yarda da ni ba sai da ya gani da idonsa. Bayan kwana biyu ya aiki yaron sayo bawul ɗin taya, ya bi shi a baya. Yaron bai nufi shago ba. Ya zagaya bayan tasha, inda ake zubar da shara, akwai wani kangon gini. Yara shida ne a ciki, babbansu bai wuce sha huɗu ba, masu tallar ruwan leda da masu wankin mota da wani mai jan makaho. Hafizu ya fito da kwalbar magani da ya ɗura sholishon ubansa a ciki, yana ɗiga wa kowa a tsumma. Shi ne babba a wurin duk da ƙanƙantarsa, don nasa ba gauraye ba ne, shi ya zaɓo shi da kansa.

Dukan da aka yi ran nan na ji shi ta katanga. Da robar taya ya dake shi. Yaron ya yi ta ihu yana cewa, "Baba kai ka ce in ja! Kai ka ce in ja!" Daga nan na ji dukan ya tsaya. Mainasara ya fito ya zauna a dakali har aka kira magariba, bai tashi ba sai da aka taɓa shi.

Washegari ya je wurin limamin unguwarmu, ya ba shi labari tun daga sanƙarau. Ya tambaya ko alhakin yaron yana wuyansa. Liman ya ce ayyuka da niyya suke, shi bai yi nufin cuta ba, ya yi istigfari ya dage da addu'a. Mainasara ya ce, "Na gode Malam. To niyyar tawa za ta dawo min da shi?" Liman ya ce shiriya ta Allah ce. Ya rubuta masa rubutun sha na kwana bakwai. An sha.

Ya fara da kulle akwati da kwaɗo. Yaron ya ɓalle kwaɗon. Ya riƙa tafiya da gwangwani a aljihu har masallaci. Yaron ya koma bin sauran masu faci, yana musu aikin hanci su biya shi da ɗigo. Mainasara ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Maliki ya rantse ba zai ƙara ba, kuma ya cika, har ya mutu yana cewa shi ya jawo. Sauran suka ce to, suka ci gaba.

Sai Mainasara ya yi abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ya bar sana'ar. Ya sayar da famfo da baho da komai, ya karɓi hayar kura da jarkoki ya shiga ga-ruwa. Mutumin da 'yan achaɓa ke layi a gabansa, ga shi yana tura ruwa lungu-lungu, yara na ce masa "Mai ruwa, kawo biyu." Ya ce muddin yana numfashi sholisho ba zai sake shiga gidansa ba. Ya samar wa Hafizu kura ƙarama, suna fita tare, don ya riƙa ganinsa.

Kalilu ya tare shi wata rana a hanya.

"Haba Mainasara, wannan wace irin wauta ce? Don ɓera ya shiga rumbu sai ka ƙone hatsi?"

"Ba ɓera ba ne, ɗana ne."

"To ka bari, garin ya bari? Je ka bakin kasuwa ka ƙirga shagunan da ke sayar da shi."

Gaskiya Kalilu ya faɗa. Wata biyu yaron ya yi kamar ya bari, har ya yi ƙiba. Daga nan ya fara ɓacewa da kura. A same ta a wani lungu, jarka ɗaya babu, an sayar. Gidan kuwa ya shiga wani hali. 'Yan matan uku duk aka cire su daga makaranta aka ɗora musu talla. Kande ta koma surfe da wankau a gidajen mutane. Sau da yawa ni nake miƙa musu tuwo ta kan katanga.

Da Hafizu ya kai sha biyar, 'yan'uwa suka ba da shawarar gidan mari. Akwai wani malami a wani ƙauye da ake kai masa kangararru. Ni na ce ban yarda da wuraren nan ba, amma ba ni da wani wurin da zan nuna. Asibiti babu sashen irin wannan a kusa, inda yake kuwa ba na masu tura kura ba ne. Kande ta sayar da akuyarta da kwanukan aurenta aka kai shi. Wata takwas ya yi. Ya dawo da gyambo a idon sawu biyu, da tabon bulala a gadon baya, ya haddace surori masu yawa. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi har na ji daɗi. Kwana goma sha biyu ya yi a gida. Rana ta sha uku aka gan shi a kangon bayan tasha. A gidan marin ya haɗu da waɗanda suka fi shi sani, ya dawo ya san na fetur, ya san na ƙwaya.

Shekara biyu da rabi Mainasara ya yi yana tura ruwa, har bayansa ya ƙage. Da ya ga barin sana'ar bai hana komai ba sai abinci a gidansa, ya nemi taimakon 'yan achaɓa, suka haɗa masa kayan aiki, ya koma gindin dalbejiyarsa. Yanzu sholisho wurin mutum ɗaya yake saya, ya gwada a kan tsohuwar roba, ya shanya a rana, ya jira ya gani. Aikin awa biyu ne. Ya ce min da ya san da wannan dabarar tun farko. Na ce da ka sani ƙeya ce.

Hafizu kuwa ya bar kwana a gida. Sai ya yi mako ba a gan shi ba, ya shigo ya ci abin da ya samu, ya ɗauki abin da hannunsa ya kai ya fita. Hannunsa ya fara rawa, harshensa ya yi nauyi, tafiyarsa ta koma ta mai ciwon ƙafa. Yaron da ke yi min lissafi a ka ya zo bai san ranar mako ba. Cikin yara shidan nan na kango, ɗaya mota ta take shi yana tsaye a tsakiyar titi yana dariya, ɗaya aka tsince shi a kududdufi da damina. Sauran ban san inda suke ba.

A 2012, yana ɗan sha tara, ya shiga shagon wani mai kayan babur da rana tsaka, ya ɗauki gwangwani ya fito yana tafiyarsa, ko gudu ba ya iyawa. Aka yi ihun ɓarawo. Kafin waɗanda suka san shi su iso, an fasa masa kai, an karya masa hannu da haƙarƙari biyu. Wasu na cewa a kai shi gaban alƙali a yanke hannun, wasu na neman taya. Kalilu ne ya ratsa taron da babur, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa shi su haɗu. A amalanke aka kawo shi gindin dalbejiya aka ajiye wa ubansa.

Ya yi wata guda a asibiti. Likitan da ya duba shi ya gaya wa Mainasara gaskiya, ya ce ƙashi zai haɗe, amma abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ya lalace ke nan, ko ya bari yau ba zai koma yadda yake ba. Ran da aka sallamo shi, da hannu a ɗaure, ya fara laluben ƙofa zai fita.

Bayan mako biyu na lura ya daina yawo. Kullum da safe su fita tare da ubansa, da la'asar su dawo tare. Na yi wa Kande barka ta kan katanga.  Ta ce, "Inna, je ki wurin aikin ki gani."

Na je da hantsi. Hafizu na zaune a kan taya, ya jingina da bishiya, yana karkarwa. Na ga Mainasara ya gama wani faci, ya goge hannu, ya buɗe gwangwani. Ya lakato kaɗan da tsinke, ya shafa a wani ƙyalle, ya miƙa ta baya ba tare da ya juya ba. Yaron ya karɓa da hannu biyu.

"Mainasara, me nake gani?"

"Abin da kike gani, Malama. Sannu da zuwa. Ga benci."

"Ba zama na zo yi ba. Kana tsoron Allah kuwa?"

"Ina tsoronsa."

"Da hannunka?"

"Da hannuna na fara ai." Ya rufe gwangwanin ya sa a aljihu. "Na dake shi, kin ji. Na bar sana'a, kin ciyar da mu. Na kai shi mari, kin ga ƙafarsa. Malama, ke kika yi boko, in akwai abin da ya rage ki faɗa min, wallahi yanzu zan rufe wurin nan in tafi."



Ya ce, "In na hana shi, zai tafi nema. In ya tafi nema, zai ɗauki na wani. Wancan karon Kalilu na kusa. In na ba shi sau uku a rana, yana nan, yana cin abinci, ina yi masa wanka ranar Juma'a."

"Kashe shi kake yi a hankali."

"Na sani. Amma a gabana zai mutu, da sauran jikinsa, in yi masa sutura. Ba a ƙone shi a bakin kasuwa ba."

Na juya na dawo gida. Na yi wata ban gaishe shi ba, daga baya na ga ba ni da hujjar gaba da shi.

Shekara bakwai ke nan ana haka. Unguwa ta sani. Wasu sun daina ba shi hannu a masallaci. An taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa, ya je ya maimaita abin da ya gaya min, mai unguwa ya ce Allah ya kyauta, aka tashi. Ba ya ɗaukar yaron aiki, ko an kawo masa. In ƙananan yara suka raɓo wurin yana aiki, da jifa yake korarsu, har ana cewa ya zama mugun tsoho. 'Yan matan duk sun yi aure. Kande ta rame, ba ta shiga biki, ba ta shiga suna. Hafizu yana da shekara ashirin da shida, haƙoransa sun zube, maganarsa ba ta wuce kalma uku. Ni yakan gane ni wani lokaci, ya ce "Malama," ya ɗaga hannu kamar mai son ba da amsa a aji.

Makon jiya Mainasara ya yi sallama a ƙofata. Ciwon baya ya dawo masa, ƙafarsa ta fara kumbura, ya kwana biyu bai fita aiki ba. Ya tsuguna daga waje, ya gaishe ni.

"Malama, wata tambaya ce ta hana ni sukuni. In na riga shi, wa zai riƙa ba shi? Uwarsa ba za ta iya ba. Mazan ƙannensa ba za su karɓe shi ba. Kwana ɗaya aka hana shi zai fita."

Na ce, "Ni kake tambaya? Na girme ka da shekara goma sha biyar."

Ya ce haka ne. Ya dafa bango ya miƙe, ya ce bari ya je, lokacin ba yaron na azahar ya yi.